A Ƙasarsu Ba a Ruwa da Sanyi

Duk wanda ya san ni a unguwar Harra ta Gabas ya san bakina ba ya riƙe magana. Abdulfattah mai mukayyif ake ce mini, don shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki gare ni a unguwar Aƙiƙ. Na yi cacar baki da mai gidan da nake haya, na yi da ladanin unguwarmu a kan ƙarar lasifika, na taɓa sauka daga mota a tsakiyar titi na gaya wa wani mai babbar riga cewa bai iya tuƙi ba. Sau ɗaya tak na haɗiye magana a rayuwata, kuma ita ce ta hana ni sakat har yau.

A Madina aka haife ni, ubana ma haka. Kakata ce ta zo daga wajen Tawa ta Nijar tun zamanin tafiyar ƙafa, ita ta rene ni, ita ta cusa mini Hausa da ranƙwashi. Matata Tasallah kuwa 'yar can ce, jikar ƙanwar kakata. Wakilai suka ɗaura auren a Tawa, takardu suka ci shekara biyu, sannan ta zo. Shekara goma sha ɗaya muna tare ban taɓa ganin mahaifinta ba sai a fuskar jawwal, nan ma ina gama gaisuwa nake miƙa mata wayar.

Na san abin da ya ce lokacin da aka je neman auren, don Tasallah ba ta iya ɓoye zance ba. Cewa ya yi 'ya'yan Hijaz ba su da kunya, kwano ɗaya suke ci da surukansu, suna kallon su ido cikin ido. Maganar nan ta tsaya mini a wuya duk tsawon shekarun. Saboda haka da bizar ziyara ta fito ya sauka Madina a watan Janairu, na ɗaura niyyar nuna wa tsohon nan kunyar da ko a Tawa bai taɓa gani ba. Har ƙasa na durƙusa a filin jirgi, Larabawa suna waiwaye. Ban ci abinci a gabansa ba, ban ɗaga murya a gidana ba, in ya shigo falo sai in tashi in bar masa. 'Ya'yana suna ta ƙyaƙyata dariya da Larabci, wai an canza musu uba.

Dogon tsoho ne, busasshe, da shuɗin rawani. Shekara arba'in ya yi yana jan babbar motar kaya tsakanin Agadas da Dirku, cikin rairayin da ba hanya ba alama. Ba shi da yawan magana, kuma in ya yi ba ya maimaitawa. Da ya gama sallolinsa a Harami ya ziyarci abin da ake ziyarta, sai ya ce saura abu ɗaya, yana son ganin Badr.

Ranar da za mu tafi 'yarmu Sundus tana zazzaɓi, don haka Tasallah ba ta bi mu ba. Ita ta shirya kayan da kanta ta loda a bayan wanet ɗina, tsohuwar a-kori-kurar da nake ɗaukar mukayyif da ita. Farwa biyu, wato rigar sanyin nan mai gashin tumaki a ciki, da bargo, da galan na ruwa, da dabino, da kayan shayi, da ashana. Na ce mata Badr fa za mu, ba hijira za mu yi ba. Ba ta kula ni ba. A bakin ƙofa ta rage murya ta ce, "Baban Sundus, amanata ce na ba ka. Ƙirjinsa ba ya son sanyi. Ka dawo mini da shi kafin magariba."

Na ce, "Halas, ai sai ka ce yaro."

A safiyar saƙo ya shigo jawwal ɗina, irin wanda hukuma kan turo, ana sa ran ruwa a duwatsun yamma, a nisanci wadi, wato ƙoramu. Na share shi da yatsa ɗaya. Sama tas take, ga rana.

Badr ta yi mana daɗi. Ya tsaya jikin katangar maƙabartar shahidai ya daɗe, yana goge ido da bakin rawani, ni kuwa na koma gefe kamar ban gani ba. Muka yi azahar muka juyo. Da na bi kwalta kai tsaye, da la'asar a Harami za mu yi ta. Amma son a yaba mini ya motsa. Ina da aboki Abdulrauf mai amya a duwatsun Fiƙra, na ce bari in kai tsohon nan ya ga inda ake zuma, in saya masa mai kyau saboda ƙirjin nan nasa. Na sauka daga kwalta na kama wata hanyar dutse da na taɓa bi sau biyu.

Mun yi kamar minti arba'in muna hawa, iska tana ƙara sanyi, sai na ji ƙwal a ƙarƙashin mota. Na leƙa na ga baƙin mai yana tsiyaya a kan tsakuwa, dutse ya fasa tukunyar man inji. Na duba jawwal, ba shabaka, wato sabis, ko layi ɗaya. Da ni kaɗai ne, wallahi duwatsun nan sai sun ji ashar. Na daure na ce, "Baba, ku yi haƙuri, mota ta ɗan samu matsala."

Ya sauko ya durƙusa ya taɓa man da yatsa, ya ce, "Kada ka sake tada ta." Daga nan tsohon ya zama wani mutum. Kafaɗunsa suka miƙe, muryarsa ta fito, na ga direban da aka yi. Na ce zan taka in nemo mutane, ya ce a'a, wanda ya bar mota shi ake nema a rasa, mota kuwa daga nesa ake hango ta. Ya ɗaga galan ya auna ruwan da hannu, ya ce zai kai mu kwana uku in mun yi hankali. Ya sa na ɗaga bonet, na ɗaura jan ƙyalle a jikin eriya. Ya sa na sauke safaya, na sace mata iska, muka mirgina ta nesa da mota muka cinna mata wuta, baƙin hayaƙi ya tashi. Ya ce in ci dabino bakwai ko ba na jin yunwa, don ciki ne murhun jiki. Duk abin da ya faɗa daidai ne, har yau ban ga kuskure a ciki ba.

Muka yi la'asar a gefen hanya, iska tana neman ɗage mana darduma. Wurin da motar ta tsaya kafaɗar dutse ce, ba abin da ke tare iska, sanyin yana shiga har haƙori. Ƙasa da mu kaɗan akwai wadi, busasshiyar ƙorama mai faɗi, da farin yashi da 'yan itatuwan ƙaya. A wata kwana ruwan shekarun baya ya ci gaɓar ya yi mata rumfa, tsayin mutum biyu.

Tsoho ya nuna wurin da haɓa. "Can za mu kwana. Mota ƙarfe ce, ƙarfe sanyi yake sha, kuma ba a hura wuta a cikinta. Can ba iska, ga itace, ga yashi. In bizne garwashi ƙarƙashin yashi, ka kwanta bisa, har asuba ba ka jin ɗari."

Na ɗaga kai na dubi arewa. Can nesa, a kan duwatsun da wadin ya fito, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ƙasansa ya sauko kamar labule. Ni ɗan Madina ne. Tun ina yaro, in aka yi ruwan sanyi, gudu muke yi mu je kallon wadin Aƙiƙ yana tafe da itatuwa da matattun awaki. Na san ruwa yana iya sauka inda ba ka gani, ya zo ya same ka inda rana take. Ba shekarar da ba a jin sel, wato ambaliyar nan, ya tafi da wasu. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, nan ƙasar wani lokaci akan ɗan yi ruwa da sanyi."

Ku ji fa. Wani lokaci. Akan ɗan yi. Ni da ke tsayar da mutum a titi.

Ya dubi hadarin, ya yi murmushi irin na babba ga yaro. "Malam, wannan hazo ne na bisa dutsi. Ƙorama da damina taka ci mutum. Shekara arba'in ina kwana cikin ƙorama da ɗari, ban taɓa ganin ɗigo ba. Ɗauko kaya."

A ƙasarsu gaskiya ya faɗa. Can sanyi da ruwa ba sa haɗuwa, damina daban, ɗari daban, ko jariri ya san haka. Bai yi wauta ba, ƙasar ce ba tasa ba. Nawa ne in ce masa, "Baba, a'a, ba za mu sauka ba." Kalma bakwai. Amma ya riga ya yanke, kuma kwana goma sha biyu na yi ina gina kunyar nan, na ga in na yi masa musu yanzu duk ta rushe, ya koma Tawa ya ce ai da ma ya faɗa. Na ce a raina wataƙila hadarin ya wuce gabas. Na ce zan sa ido. Na ɗauki farwa da bargo da galan da kayan shayi, na bi bayansa muka sauka.

Kuma wurin ya yi daɗi, abin haushin ke nan. Iska ta ɗauke ɗif. Nan da nan ya haɗa wuta ya ɗora shayi, ya miƙo mini kofi, na juya baya na sha. Hankalina dai bai kwanta ba. Na ce zan hau tudun da ke bayan mota ko a dace da shabaka, ya ce in tafi amma in dawo da sauran rana.

Hawan ya ci mini kusan rabin awa. A can ƙoli layi ɗaya ya leƙo. Na tura wa Tasallah alamar inda muke, na rubuta mota ta lalace, ta kira masu ceto. Saƙon ya daɗe yana juyi kafin ya tafi. Ina sauke wayar na ji wani gurnani, kamar babbar mota tana hawa tudu da kaya. Na duba sama da kwanar. Ga ruwa nan tafe, ja-ja, gabansa duk itace da kumfa, yana cika wadin daga gaɓa zuwa gaɓa.

Na ƙwala kira, "Baba!" Iska ta mayar mini da muryata. Daga sama ina hango shi ɗan ƙarami, a durƙushe, ya ba arewa baya, rawani ya rufe kunnuwansa, yana tura yashi a kan garwashi, yana gyara mana wurin kwana. Na gangaro a guje, na faɗi sau biyu, tafin hannuna ya tsage ban ji ba. Na cire jaket na yar a bakin gaɓa.

Ya ji ƙarar kafin in iso, kuma ya gane ta. Da ya nufi gaɓa kai tsaye da ya tsira a bushe. Amma mutumin hamada ba ya barin ruwan sha da ashana, sai ya juya ya sunkuya zai ɗauka. Harshen farko na ruwan bai wuce gwiwa ba, ya share masa ƙafafu. Wata ƙaya ta riƙe rigarsa, nan na cim masa, ruwa ya kawo mini ƙirji, sanyinsa kamar an sare ni. Ban san yadda na ja shi muka fito ba. Da na waiwaya, ba farwa, ba bargo, ba galan, ba wuta. Rumfar da muka zauna ƙarƙashinta ta rufta ina kallo.

Na ɗauko jaket ɗina, na goya shi zuwa mota. Bai fi buhun dabino nauyi ba. Kafin mu kai, ruwan saman ya iso mu, da ƙanƙara ƙanana, ya kashe abin da ya saura na wutar safaya. Haƙoransa suna kaɗawa ya ce in haɗa wayoyin batir in kama tartsatsi a tsumma. Na yi ta gwadawa har yatsuna suka daina jin waya, tartsatsi yana fita, amma ba busasshen abu ko ɗaya da zai ci a waje, cikin mota kuwa ba dama.

Na shiga na rufe ƙofofi, na toshe kafar gilashi da leda. Abin da ya saura mana a bushe jaket ɗina ne, da darduma, da shimfiɗar kujera, da wani kwalin mukayyif da ke bayan kujera. Na ce, "Baba, ku tuɓe jiƙaƙƙun kayan nan."

Ya girgiza kai, ya ƙanƙame wuyan rigarsa.

Na sake faɗa. Ya ce, "A gabanka? Subhanallahi."

A nan ne bakina ya buɗe. Na daka wa surukina tsawa, na ce wallahi ko ya tuɓe ko in yaga rigar, ba zan kai wa Tasallah gawa ba saboda wata kunyar banza. Na fizge rawanin, na zare masa riga da ƙarfi, na tuɓe tawa. Na goge shi da shimfiɗar kujera, na naɗe masa kai da darduma, na jawo shi na manna ƙirjinsa a nawa, fata da fata, na lulluɓe mu da jaket da kwali. Bakin da ya kamata ya buɗe da la'asar, sai bayan magariba ya buɗe. Ina rungume da shi ina kuka don haushin kaina.

Muka yi sallolin a haka, da ishara. Akwai dabino uku a aljihun jaket, na tattauna ina sa masa a baki. Kowane ɗan lokaci in danna hon, in kunna fitila, in kashe. Ina ta jan sa da hira don kada ya yi barci, na tambaye shi Dirku, na tambaye shi yarintar Tasallah. Ya ce tana ƙarama in ya dawo tafiya sai ta shige ƙarƙashin motarsa ta kwanta, wai don kada ya sake tafiya ba ta sani ba. Ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi.

Can ya ce, "Ka san ruwan zai zo?"

Na so in yi ƙarya. Na ce, "Na sani, Baba."

"Tun muna bisa?"

"Tun muna sama."

"Ka ko faɗi. Ni ne ban ji ba."

"Ban faɗa yadda za ku ji ba."

Numfashinsa yana taɓa wuyana. Sai na ji hannunsa ya motsa a bayana, ya ɗan bubbuga ni kamar mai lallashin yaro. Ya ce, "Na ce ma uwatta ɗiyan Hijaz ba su da kunya. Ban yi gaskiya ba. Kana da kunya, ɗana."

Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan magana. Da ta zo, ji na yi da ma zagina ya yi.

Daga baya rawar jikinsa ta tsaya. Na yi hamdala, na ɗauka ɗumina ne ya fara shigarsa. Sai a mustashfa, wato asibiti, likita ya gaya mini cewa in rawar sanyi ta tsaya a irin wannan hali, jiki ne ya gaji da faɗa. Maganarsa ta koma kamar ta mai barci, yana kiran sunayen rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya. Na laƙanta masa shahada, ya karɓa. Da gari ya fara haske na gane ni kaɗai nake numfashi a cikin motar, amma ban sake shi ba sai da rana ta fito.

Masu ceto sun iso da hantsi. Tun daren suke bakin hanya, wadi uku ne suka cika tsakaninmu da kwalta, ba mai iya haye su sai da ruwa ya janye. Jan ƙyallen eriya suka fara hangowa, kamar yadda ya ce. Wani jami'i ya buɗe littafi ya tambaye ni sunan mamacin. Na ce Zakiru. Ranar ce bakina ya fara furta sunansa.

An yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Gidanmu ya cika da 'yan gaisuwa, na Harra da na Aƙiƙ, da mutanen Nijar masu aiki a gonakin dabino. Kowa maganarsa ɗaya, tsoho ya yi sa'a, mutane nawa ke roƙon ƙasar Madina ta rufe su ba su samu ba. Wasu har da yaba mini, wai na shiga sel saboda surukina. Na amsa da amin, na yi ta zuba gahawa. Ban yi wa kowa musu ba, ƙarfin musun ya bar ni.

Tasallah ba ta tambaye ni komai ba sai da aka share makoki. Da safe ne, yara sun tafi madrasa, tana zaune a ɗakin da ya sauka tana ninke kayansa a cikin jaka. Akwai tsarabar da ya saya wa mutanen gida, tasbaha da turare da ƙananan darduma, duk da sunan mai shi a jiki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Gaya mini."

Na zauna a bakin ƙofa na gaya mata duka. Saƙon safe da na share, da zumar da ba wanda ya aike ni, da hadarin, da abin da na ce, da yadda na ce shi. Ban rage komai ba. Hannunta ya tsaya a kan wata riga.

Ta ce, "Kai? Kai ka ga hadari ka yi shiru?"

Na ce, "Mahaifinki ne. Na ji nauyinsa."

"Me ya ce a ƙarshe?"

Na ce, "Ya ce ina da kunya."

Ta ɗago ta dube ni, idonta a bushe. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Baban Sundus, ni ba kunya na ce ka dawo mini da ita ba."

Ta mayar da kai ta ci gaba da ninke rigar.